Wasiƙa Daga Yammacin Ayalan Zuwa Ga Mutanen Zazzau

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga iyayena da 'yan uwana na birni da kewaye, tun daga Ƙofar Doka da Tudun Wada har Samaru, da kuma na ƙauyukan Giwa da Soba da Kudan. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan an kai amfanin gona gida lafiya, ina rubuto muku ne daga Galway, wani birni a gaɓar teku ta yammacin ƙasar Ayalan, inda nake aikin jinya a gidan kula da tsofaffi. Wani abu ne na gani a wurin aiki ya hana ni sakat, har na ga ya kamata in kawo shi gabanku.

Akwai wani dattijo da muke jinya, ya haura shekara 80, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana aikin gini a Ingila. Da ciwon mantuwa ya ci ƙarfinsa, sai Turanci ya zube daga bakinsa, ya koma harshen da mahaifiyarsa ta yi masa rarrashi da shi, wato Ayirish, wanda masu shi suke kira Gaeilge. Ranar da jikokinsa suka zo dubiya, ya riƙe hannun babbarsu yana ta zuba magana, ita kuwa tana murmushi hawaye na bin kuncinta, domin in ban da gaisuwa babu abin da ta tsinta. Sai da aka kira wata mai aikin kicin, 'yar yankinsu, ta zo da tsummar goge hannu a kafaɗa ta yi musu tafinta. Ashe tambaya yake ko an shigo da shanu daga bakin teku kafin ruwa ya cika.

Ruwa ba ya tsami banza. Mutanen nan sun daɗe a ƙarƙashin mulkin Ingila, sannan yunwar da ta auka musu daga 1845 ta kashe kimanin mutum miliyan 1, wasu kamar haka suka tsere ƙetare, kuma mafi yawan waɗanda abin ya rutsa da su talakawan karkara ne masu magana da Ayirish. Daga nan harshen ya zama tambarin talauci, iyaye da kansu suka riƙa hana 'ya'yansu yin sa don su samu abin yi a Amurka ko Ingila. Da suka samu mulkin kai a 1922, sai gwamnati ta wajabta koyar da shi a makarantu, tana ganin allo zai mayar da abin da yunwa ta kwashe. Ƙidayar 2022 ta nuna inda aka kwana: mutum wajen miliyan 1.9 sun ce suna iya harshen, amma masu yin sa kullum a wajen makaranta ba su wuce 72,000 ba. A yankunan da ake kira Gaeltacht, inda nan ne harshen yake da gida, masu yin sa kullum sun ɗan haura 20,000 ne kawai.

Abin da suka gane, bayan an sha wahala, shi ne harshe yana bin tukunya ne. Idan saurayi ya rasa abin yi a ƙauyensu ya tafi birni, da harshen yake tafiya, kuma da wuya ya dawo da shi a bakin 'ya'yansa. Shi ya sa hukumar da suka kafa wa waɗannan yankuna a 1980, Údarás na Gaeltachta, babban aikinta samar da sana'a ne: rumfunan masana'antu, tallafin ƙananan kamfanoni, da ɗakunan aiki masu intanet mai ƙarfi inda mutum zai zauna a ƙauyensu yana yi wa kamfanin da ke Dablin, babban birnin ƙasar, aiki. Gidan rediyon harshen da aka buɗe a 1972 a ƙauyen Casla aka ajiye shi, haka gidan talabijin na 1996 yana Baile na hAbhann, duk a yankin Connemara, ba a babban birni ba. Wannan dabara ta burge ni ƙwarai, domin albashin ma'aikatan a shagunan ƙauyen ake kashe shi. Dokar 2012 kuma ta raba yankunan gida 26, aka ce kowace al'umma ta zauna ta rubuta nata tsarin raya harshe, gwamnati ta ba da kuɗin ɗaukar ma'aikaci. Daga 2025 ma, ma'aikatar gwamnati guda ce take riƙe da raya karkara da tallafin al'umma da sha'anin Gaeltacht.

Gani ya kori ji. Matar nan ta kicin ta gayyace ni taron ƙungiyar ƙauyensu a wani dare na hunturu, a zauren taro mai kujerun roba, ga butar shayi tana tafasa a gefe. Ma'ajin ƙungiya, wata tsohuwar malamar firamare, ta miƙe da tabarau a kan hanci ta karanta abin da ya shigo daga shirin LEADER na Tarayyar Turai, wanda yake tallafa wa karkara tun 1991, da abin da mutanen gari suka tara da kansu, da abin da aka biya mai gyaran rufi, har kuɗin ƙusa. Wani manomi ya ɗaga hannu ya ce kuɗin fentin ya yi yawa, aka ɗauko rasit aka miƙa masa, ya juya shi gaba da baya, ya gyaɗa kai. Rabin maganar ban ji ba saboda da harshensu suke yi, amma na fahimci abu guda, cewa babu wanda yake kallon rufin nan a matsayin kayan gwamnati.

Kada ku ɗauka aljanna nake ba ku labari. Masu kuɗi daga birane sun saye gidaje da yawa a bakin teku don hutun bazara, matasan yankin suna kukan samun izinin gini ya zama jidali, cike takardun neman tallafi kuwa sai mai haƙuri. Duk da kuɗin da ake zubawa, yawan masu yin harshen kullum a Gaeltacht ya ɗan ragu tsakanin 2016 da 2022. Sun farga ne bayan ɓarna ta yi nisa.

To, mu dawo gida. A ƙauyen kakannina, gabas da Zariya, an taɓa haƙa mana rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana. Allon da aka kafa a bakin hanya ya fi tankin kyau. Ba a ci damina biyu ba injin ya tsaya, kuma da na je hutu na tambayi wanda ya yi aikin da nawa aka kashe, babu mai amsa, daga mai unguwa har liman. Abin da kowa yake cewa shi ne, “Ai na gwamnati ne.” Mata suka koma rafi da jarkoki, awaki suka samu inuwa a ƙarƙashin farantan. Ba shirye-shirye muka rasa ba. An yi aikin bunƙasa noma na Funtuwa da kuɗin Bankin Duniya tun 1975, an kafa DFRRI, hukumar samar da abinci da hanyoyi da abubuwan more rayuwa a karkara, a 1986, an yi shirin noman Fadama kashi-kashi, ga cibiyar binciken noma ta Samaru a ƙofar gidanmu. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, kuma hukunci ne mai kyau, sai dai kuɗin da ya tsaya a sakatariya bai iso ƙauye ba tukuna. Mu da muka gaji gayya da adashi da aikin masallaci, inda ake karanta sunan kowa da abin da ya bayar, ba baƙi ba ne ga riƙon amanar jama'a. Me zai hana a ware wani kaso sananne a damƙa wa ƙungiyoyin raya gari, da sharaɗin su zuba nasu, su kuma karanta lissafi a bainar jama'a?

Saura magana mai ɗaci, wadda na daɗe ina juyawa kafin in rubuta. Da nake tausaya wa dattijon nan, na ɗauka mu Hausawa ne a matsayinsa, Turanci kuma shi ne mai cinye mu. Daga baya na tuna laifi tudu ne. A jihar Kaduna, Hausa ce babban kifin. Na yi sakandare da wani abokina ɗan Kurama daga wajen Saminaka, wanda idan kakarsa ta kawo masa ziyara sai ya ja ta bayan aji su yi magana ƙasa-ƙasa, saboda mu, har da ni, muna kwaikwayonsa muna dariya. Yau 'ya'yansa Hausa da Turanci kaɗai suke ji. Gidaje nawa ne a cikin birni suke amsa sunan Fulani, alhali Fulatancin ya tsaya a kan kaka? Haka Adara da Gbagyi da Tyap da Jju da Hyam, kowanne da gwargwadon abin da kasuwa da tasha da rediyo suke gutsura masa, ƙananan harsunan Kauru da Lere kuwa su suka fi shiga haɗari.

Mutumin Zariya shi ya fi kowa sanin cewa rubutacciyar Hausar boko ba da kanta ta miƙe ba. Hukumar fassara da talifi a garinmu ta zauna tun shekarun 1930, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939, aka kafa kamfanin Gaskiya a 1945, kuma duk da kuɗin hukuma aka biya marubuta da masu ɗab'i. Wanda aka goya har ya yi ƙafa bai kamata ya ce goyo ɓata lokaci ba ne. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a koyar da yara da harshen uwa a shekaru 6 na firamare, a 2025 kuma aka janye, tun kafin a ga littattafai da malaman da za su ɗauki nauyin. Ko da an ci gaba, a makarantu da yawa na jiharmu Hausa za a kira harshen uwa, ɗan Kurama ya sake tashi a tutar babu.

Roƙona ga malamanmu na Jami'ar Ahmadu Bello shi ne su tura ɗalibai su naɗi muryoyin tsofaffi a ƙauyukan nan, tatsuniya da waƙar daka da sunayen itatuwa da magunguna, su kuma bar wa mutanen garin kwafi a hannunsu. Gidajen rediyonmu su ba da ko da rabin sa'a a mako, a yi bayanin taki da rigakafi da farashin masara da harshen masu noman. Wakilanmu a majalisar jiha kuma, idan ana maganar hanya da ruwa da asibitin karkara, su san cewa ita ce maganar harshe, domin duk ƙauyen da ya watse, da bakinsa yake watsewa.

Game da rijiyarmu, na yi magana da 'yan garinmu biyu da suke Ingila, mun amince za mu ɗauki rabin kuɗin gyara idan ƙungiyar gari ta tara rabi. Sharaɗinmu shi ne a zaɓi ma'aji, a sayi littafi, a kuma karanta lissafin a ƙofar mai unguwa bayan sallar Juma'a, mata ma a ba su wuri tunda su ne masu ɗibar ruwan. Baffa, don Allah a sa mai gyara ya duba injin ya faɗi kuɗinsa kafin in iso da babbar salla, in Allah ya kai mu.

Wassalam.

Ɗanku,
daga Galway.