Hoton titi: sana'ar da na koya a kujerar bayan hayis

Shagona ɗaki ɗaya ne da ɗan baranda a Fagge, amma duk wanda ya shigo sai ya tsaya gaban bangon hagu kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. A can na jera hotunan da na fi ji da su: kwandasta rataye a ƙofar hayis a Bata, bakinsa a buɗe yana kiran Kurna, ɗan makaranta yana barci a kafaɗar wansa cikin A Daidaita Sahu, mai shayi a tashar Unguwa Uku yana ɗaga kofi sama, tururi ya rufe rabin fuskarsa. Hoton biki da na suna da na fasfo su ke riƙe da shagon, amma waɗannan na bango su suka koya mini aikin.

Ina saurayi nake zuwa koyon hoto wurin maigidana a Sabon Gari, gidanmu kuwa a Kurna. Kullum da safe sai in shiga hayis, in matse a kujerar baya kusa da taga. Wata rana ya miƙo mini tsohuwar kyamararsa mai fim, ya ce, "Kai yaro, hoto 36 ne a ciki. Kada ka danna sai idonka ya gama gani." Nadin farko da ya wanke mini, hoto biyu kaɗai ya ajiye gefe, sauran ya tura mini su da bayan hannu. Ya ɗauki ɗaya ya nuna mini yadda hasken safe ya shigo ta tagar mota ya sauka a hannun wata tsohuwa tana kwance bakin zaninta don ta ciro kuɗin mota. Ya ce wannan shi ne hoto. Allah ya jiƙansa, har yau in zan danna sai na ji muryarsa.

Shi titin Kano ba ya jiran kowa, kuma yana canzawa a gaban idonka. Na fara ne lokacin da acaɓa ta cika gari. A zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau babur mai ƙafa uku ya shigo da sunan A Daidaita Sahu, sannan a watan Janairun 2013 aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a birni. Hotunan 'yan acaɓa da na ɗauka a Yankura, da a lokacin babu mai kallonsu, yanzu su ne matasa ke tsayawa suna tambaya a kai. Haka Ƙofar Nassarawa: ina da ita kafin gada, ina da ita bayan gada, daga kusurwa guda.

Mutane na ɗauka danna maɓalli ne kawai. To, mota tana tafiya, tana girgiza, cikinta duhu, wajenta rana ƙwal. In kana son ka tsayar da A Daidaita Sahu cak tana gudu, sai ka kai saurin kyamara wajen 1/500 na daƙiƙa. In kuma kana son gudun ya fito, sai ka sauko wajen 1/30, ka bi ta da kyamara kamar mai bin tsuntsu da ido, ita ta fito tas, bayanta ya zama zane. Wannan ya ci mini shekaru kafin hannuna ya daina rawa. Gilashi mai 35mm nake ɗaurawa, domin yana tilasta maka ka matso kusa da mutum, kuma ba ka matsowa kusa da mutum sai ka yi sallama. Lokacin da na fi so shi ne hunturu, daga fitowar rana zuwa ƙarfe takwas, sa'ad da hazo ya tace haske, rawayar babura ta yi ɗau a cikin farin gari.

Maganar sallama ba ƙarama ba ce a wurina. Kafin in ɗaga kyamara a tasha sai na gaida shugabannin direbobi da 'yan kamasho, in faɗa musu ko ni wane ne. Mace ba na ɗaukarta sai da yardarta. Wanda ya girgiza kai, na sauke kyamara. Wanda ya yarda, in na wanke sai in kai masa nasa. Akwai wani dattijon direba da na kai wa hotonsa bayan mako biyu, ya goge hannunsa a riga kafin ya karɓa, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ɗana, ashe haka na tsufa a kan sitiyari?" Ya liƙa shi a saman gilashin motarsa.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu kwasar aikin mutum. Ka tashi bayan sallar asuba, ka sha ƙura da hayaƙi, ka sa hoto ɗaya a Instagram, kafin la'asar wani ya yanke sunanka daga ƙasa, ya buga a takarda mai arha yana sayarwa. Na taɓa shiga wani ofis na tarar da kwandastan nan nawa a firam, rawayar ta koma kamar ruwan kunu, fuskar ta dusashe. Ba kuɗin ne ya fi ƙona mini rai ba, yadda aka wulaƙanta hoton ne. Shi ya sa ba na wasa da takarda da tawada. Wani dillali ya taɓa kawo mini takarda a kwalin ta ƙwarai, bugun farko na ga baƙin ya tashi toka-toka, na mayar masa da kayansa gaba ɗaya. Duk hoton da zai fita daga shagon nan sai na duba shi a hasken rana a baranda, ba a ƙarƙashin ƙwan lantarki ba.

Sai kuma masu ciniki. Mutum zai nuna hoton bango ya ce, "Haba malam, ai ko da wayata zan ɗauka." Ba na musu da shi. Nakan ce ya je Bata gobe da safe ya gwada, in ya dawo mu yi magana. Wasu sun dawo, har biyu daga cikinsu yanzu suna bina koyo.

Ranar Asabar muke fita da su, mu haɗu a Ƙofar Nassarawa kafin rana ta ɗaga, kowa da wayarsa ko kyamararsa. Sharaɗina ɗaya ne: hoto 36 kowa zai ɗauka, ba ƙari. Wannan makon tashar Ƙofar Ruwa muka nufa, na riga na je na gaida shugabannin wurin, sun ce mu zo kafin motocin farko su tashi.