Takardu ashirin a cikin akwatin ATM

Litinin, bayan sallar isha'i

Ƙafafuna sun yi tsami, amma bari in rubuta wannan kafin barci ya kwashe ni.

Yau na shiga mako na bakwai a bankin. Bakwai saura na fito daga gida a Tudun Wada, da ƙyar na samu keke, bakwai da ashirin ina bakin get a Yakubu Gowon Way. Ƙarshen wata ne, albashi ya fara sauka, tun ba a buɗe ƙofa ba layin ATM ya kai bakin titi.

Ranar da aka ba ni takardar SIWES, wato horon aiki da ake tura ɗalibai, aka ce sashen fasaha na wani babban bankin kasuwanci, har burga na yi wa Yaya cewa manhaja zan riƙa rubutawa. Ashe masu rubuta manhaja suna can hedikwata a Legas. Mu na reshe aikinmu shi ne firinta ta ƙi, allo ya ɗauke, kebul ya saki. Farkon safiyar yau a ƙarƙashin teburin wata mai karɓar kuɗi na yi shi, na tattare hijabi ina bin waya da fitilar hannu, ashe filogi ne aka ture wajen shara. Ko lambar shiga kwamfuta ba a ba ni ba, kuma Oga ya ce kada in sa rai. Ramukan filashi ma duk a toshe suke. Da farko na ɗauka raini ne irin wanda ake yi wa ɗalibi, sai da na lura su kansu manyan ba mai gama aikin kuɗi shi kaɗai: wanda ya shigar daban, wanda ya tabbatar daban.

Wajen goma da rabi layin faiba da ke haɗa mu da hedikwata ya ɗauke. Oga ya sa na buga ping, wato saƙon gwajin layi, zuwa rauta, ta amsa, na buga zuwa hedikwata, shiru. Ya ce to matsalar ba a cikin gida take ba. Aka koma kan layin ko-ta-kwana na rediyon da ke saman rufi, aiki ya ci gaba yana jan ƙafa. Minti goma ba a yi ba, amma a zaure har an fara tsaki.

Abin da ya tsaya mini a rai bayan azahar ya faru. Mai gadi ya leƙo ya ce ana neman mai jin Hausa sosai a teburin kwastoma. Na fita na tarar da wani dattijo, farar riga da hula, katinsa a naɗe cikin leda. Na rusuna na gaishe shi, ya ce, "Yawwa 'yata, ke za ki gane. Na sa kati, na ji injin yana ƙirga kuɗi da kunnena, bai ba ni ko sisi ba, ga shi an ce an cire mini dubu ashirin." Ya miƙo mini ƙaramar wayarsa da alat ɗin a buɗe. Maganin hawan jini zai saya wa mai ɗakinsa, sauran kuma cefane.

Na duba katin, gabana ya faɗi. Na wani banki ne.

Oga ya ce in biyo shi in ga yadda ake bincike. Bayan injin wani ɗan ɗaki ne mai sanyi, kuma mutum ɗaya ba ya buɗe ma'ajin kuɗin: mai makulli daban, mai lambobin sirri daban, sai sun haɗu. Mu namu shi ne kundin injin, inda yake rubuta duk abin da ya yi daƙiƙa bayan daƙiƙa. Ga shi nan ɓaro-ɓaro: kati ya shiga, an nemi dubu ashirin, bankin Baba ya amince, injin ya fara zaro takardu, sai kuskure. Wata tsohuwar dubu ɗaya ce mai naɗaɗɗen gefe ta maƙale a hanya. Da injin ya ga lissafi bai yi ba, sai ya watsa sauran cikin akwatin da yake tara takardun da ya ƙi. Da aka zaro akwatin na gan su da idona.

Na ce, "Oga, ai ga kuɗin nan, a ba shi mana."

Ya yi dariya, ba ta mugunta ba. Ya ce waɗannan takardun har yanzu na bankinmu ne, kuɗin Baba lamba ce da ke rataye tsakanin bankinsa da namu da kamfanin da ke haɗa bankunan. Idan aka ba shi a hannu, gobe na'ura ta mayar masa a asusu, an biya sau biyu ke nan, kuma wanda ya riƙe makulli ne zai amsa tambaya. Ya ce tun 2020 Babban Bankin Najeriya, CBN, ya sa ƙa'ida: in katin bankin da ke da injin ne, kuɗi su koma nan take, in ya ƙi kada a wuce awa 24, in na wani banki ne, awa 48. Kuma a can bankinsa zai kai ƙorafi, ba a nan ba.

Bayanin ya shige ni tsaf. Matsalar ita ce ni zan fita in mayar da shi Hausa.

Na zauna kusa da Baba na yi iya ƙoƙarina. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "To 'yata, tsakaninki da Allah, kuɗin suna cikin akwatin nan ko ba sa ciki?" Na ce suna ciki, Baba. Ya ce, "To." Bai ƙara komai ba. Wallahi da faɗa ya yi da ya fi mini sauƙi. Shekara uku ina karatun kwamfuta, ban taɓa samun tambayar da ta ɗaure ni kamar wannan ba.

Na rubuta masa lokaci da adadin kuɗi da lambar injin a takarda da manyan baƙaƙe, don kada a yi ta juya shi a can. Wajen mayar da katin cikin leda na hango wata 'yar takarda da lambobi huɗu a jiki. Na rage murya na ce, "Baba, wannan kada ta kwana wuri ɗaya da katin, kuma duk wanda ya kira ya ce daga banki yake, yana neman ta ko BVN, a kashe wayar." Ya ce jikansa ma ya sha faɗa masa. Ya sa mini albarka, ya tafi neman keke zuwa Ahmadu Bello Way.

Biyar da rabi na tashi. Umma ta ga fuskata ta ce ko an yi mini faɗa ne, na ba ta labari. Ta ce da ita ce da ta ba shi na maganin daga jakarta. Dubu ɗaya da ɗari biyar gare ni, kuɗin keken yau da gobe, kuma sai da ya fita get tunanin ya zo mini.

Na buɗe littafin SIWES da Oga zai sa wa hannu ranar Juma'a, gurbin Litinin layi huɗu ne kacal. Na rubuta: gyaran filogi, gwajin layi, karanta kundin ATM. Layi na huɗu na bar shi haka nan. Laraba awa 48 ke cika, kuma ban karɓi lambar wayarsa ba.