Abin da ɓerayen ɗakin sanyi suka koya mini

Da na fara aikin bincike kan ɓeraye masu shayarwa, na tabbata a raina cewa sanyi zai cuci uwa mai shayarwa. Lissafina mai sauƙi ne: abincin da ta ci shi za a raba, wani ya tafi nono, wani ya tafi ɗumama jiki. Idan sanyi ya karɓi rabonsa, ai 'ya'ya ne za su yi asara.

Mun raba fararen ɓerayen gwaji gida biyu. Kashi ɗaya suka zauna a ɗaki mai digiri 21 a ma'aunin Salshiyas, sauran muka mayar da su ɗaki mai digiri 8 bayan kwana goma da haihuwa, lokacin da shayarwa ta kai ƙololuwa. Kullum da safe, sanye da rigar sanyi, nakan ɗora uwa a sikeli, in auna 'ya'yanta gaba ɗaya, sannan in auna abincin da ya rage.

A makon farko na yi kuskure. Ɓera ba ta cin abinci da tsafta, tana gwaguya ne gari yana zuba cikin dusar katako. Ni kuwa duk abin da ya ɓace daga mazubi sai in rubuta an cinye. Malamar da ke kula da ni ta duba littafina, ta ce, "Ka tankaɗe shimfiɗar kuwa?" Na ce, "A'a, Malama." Daga ranar rariya ba ta ƙara barin hannuna ba.

Ko bayan gyara, iyayen ɗakin sanyi sun fi ci nesa ba kusa ba, kuma nono bai ragu ba. Sai na koma kan aikin masanin halittu John Speakman na Jami'ar Aberdeen. A 2001 an nuna cewa ɓera mai shayarwa tana tsayawa a wajen giram 23 na abinci a rana a digiri 21, ko an ƙara mata 'ya'ya ba ta wuce nan, amma a digiri 8 takan kai giram 30. Ke nan ba hanjinta ne ya gaza ba. Narkar da abinci da haɗa nono suna haifar da zafi mai yawa, kuma a ganin Speakman uwar tana ci ne gwargwadon zafin da fatarta za ta iya fitarwa. Sanyi hanya yake buɗe mata.

Da na gane haka, sai idona ya buɗe ga abin da nake gani kullum. A ɗaki mai ɗumi uwa takan zare jikinta daga 'ya'ya, ta je kusurwar keji ta miƙe, cikinta manne da ƙasa. Da na ɗauka gajiya ce, ashe iska take sha. Hatta kitsen nan mai ruwan ƙasa da ke tsakanin kafaɗunta, wanda aikinsa ƙona abinci don samar da ɗumi, yakan rage aiki lokacin shayarwa.

Gwajin da ya fi burge ni shi ne na 2007, inda aka aske gashin bayan iyayen, aka bar 'ya'yan cikin ɗuminsu. Nono ya ƙaru da kusan kashi 15 cikin 100, 'ya'yan kuma suka fi nauyi a ranar yaye.

Yanzu kafin in taɓa sikeli, ma'aunin zafin ɗaki nake fara dubawa, sannan in leƙa in ga inda uwar ta kwanta.