Tsohon injin sassaƙa rubutu da harafin da babu shi a akwati

Watanni huɗu ke nan da na sayi wani tsohon injin sassaƙa rubutu a hannun wani dattijo da ya daina sana'ar saboda raunin gani. Irin injin nan ne da ake sarrafawa da hannu wajen rubuta suna a kan allon ƙofar ofis, da lambar ƙirji, da 'yan allunan da ake liƙawa a jikin akwatin wutar lantarki. Ƙirar kamfanin New Hermes ne na birnin New York, kuma ko da na ɗauko shi, tsatsa da busasshen giris sun riƙe gaɓoɓinsa, sai da na kwana biyu ina jiƙa su da kananzir kafin hannun injin ya yarda ya motsa.

Dabarar da injin yake aiki da ita ta girme shi nesa ba kusa ba, domin wani malami Bajamushe, Christoph Scheiner, shi ne ya ƙirƙiro ta a shekarar 1603 don kwafar zane. Sanduna huɗu ne aka haɗa su da gaɓoɓi; a gefe ɗaya akwai tsinken da mutum yake riƙewa yana bin kwarmin harafin tagulla da aka ciro daga akwatin haruffan injin aka jera, a ɗaya gefen kuma akwai bakin yanka da yake maimaita wannan tafiyar a kan allo, amma a ƙanƙance. Idan aka saita sandunan a kan 4 zuwa 1, harafi mai tsayin milimita 24 zai fito milimita 6. Wannan ƙanƙancewar tana rage rawar hannu, wanda ya sa har sabon shiga irina yake iya fitar da rubutu mai tsabta.

Kuskurena na farko na wuta ne. An ƙera moton da ke juya bakin yankan don wutar Amurka mai ƙarfin bolt 110, tamu kuwa ta Najeriya 230 ce, kuma da dattijon bai biyo ni da ƙaramar taransifomar da na manta a shagonsa ba, da na ƙone shi a daren farko. Na biyu kuma na zurfin yanka ne. Robar da ake yin alluna da ita hawa biyu ce, sama baƙa misali, ƙasa fara, kuma abin da ake so shi ne bakin ya huda ta saman kawai har farin ya bayyana. Na ɓata alluna shida kafin na fahimci cewa 'yar hular da ke zagaye da bakin yankan ita ce take hawa kan robar tana tsayar da zurfin, kuma ko ɗan ɓurɓushi ne ya shiga ƙarƙashinta sai ya bar ƙarzuwa a gefen kowane harafi. Yanzu buroshi ba ya barin hannuna na hagu. Shi kuwa rubutu a kan tagulla ko alminiyam da tsinin daimon, wanda ba ya buƙatar moto sam, ya fi sauƙi, kuma a ganina da shi ya kamata mai koyo ya fara, musamman a garin da wuta take zuwa lokacin da ta ga dama.

A ra'ayina, duk wanda zai sayi irin wannan injin ya fara buɗe akwatin haruffa kafin ya dubi fenti ko moto. Bel da ya tsinke ana samun madadinsa, moto kuma masu naɗin waya suna gyara shi, amma idan harafin A guda biyu kawai ya rage a akwatin, rubuta suna kamar Abdullahi Abubakar zai zama aikin yini, tunda dole a yanka rabi, a ciro harafin, a sake jera shi ba tare da allon ya gusa ba. Bayan haruffa sai gaɓoɓi: a riƙe tsinken a wuri ɗaya, a girgiza bakin yankan, idan ya yi wasa to kowane O zai fito da baki a buɗe.

Akwai kuma matsalar da masu ƙera injin ba su taɓa tunaninta ba. Wata makarantar Islamiyya ta kawo mini aikin allunan ƙofa, ciki har da “Ɗakin Karatu” da “Ƙofar Fita”, sai na tarar babu Ɗ, babu Ƙ, babu Ɓ a cikin tagullar. Dattijon ya ce shi a zamaninsa D da K yake sawa kawai, ba wanda ya taɓa dawo masa da aiki. Ni dai ban iya ba, domin kofa da ƙofa ba ɗaya ba ne a idon yaron da ake koya wa karatu. Sai na yanko roba mai kauri daidai faɗin haruffan, na saita injin a kan mafi ƙarancin ragi, na kwafi K mafi girma da nake da shi, sannan na ƙara lanƙwasar da hannu da 'yar zarto da haƙuri. Sau uku ina yi kafin tsinken ya bi lanƙwasar bai tsallake ba. Ƙ da Ɗ suna nan yanzu a cikin akwatin, farare a tsakiyar jajayen tagulla, Ɓ kuma ina jiran ranar da aiki zai nema shi.