Alhamdulillah, na haye probatuwa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun jiya da sakamako ya fito wayata ba ta huta ba, wlh na kasa amsa kowa ɗaya bayan ɗaya shi ya sa na ce bari in rubuta a nan. Na ci probatuwa, jarabawar da muke yi a Kamaru ana saura shekara ɗaya a gama sakandare, seri D, ɓangaren kimiyya. Ku da kuka san abin da ya faru bara, kuka kuma san kwanciyar da na yi ta taifot ana saura 'yan makonni a shiga jarabawa, ba sai na maimaita ba, har yanzu in na tuna sai jikina ya yi sanyi.

Mutum ɗaya nake so in tsaya a kansa. Ya ce kar in kuskura in ambace shi, to Baffa ku yi haƙuri, ban faɗi suna ba amma duk wanda ya san layinmu a Yelwa ya san mai shagon taki da maganin feshi. Ranar da ya zo duba ni a asibiti ya tarar ina kuka da kaye, littafin rubutuna na shimi, wato kemistiri, a kan cinya, ledar ruwa na hannuna. Abin kunya ne ma in faɗa, ina aji na probatuwa ana maganar permanganat da dikromat amma ni rubuta sunan gishiri irin na shimi da fomil ɗinsa, wato haruffa da lambobin da ake rubuta shi da su, abin da ya kamata in iya tun sekwand, ajin da ake yi kafin na probatuwa, shi ke kayar da ni. Ya karɓi kayen ya ga na rubuta nitrat na kalsiyom haka CaNO32, sai ya yi dariya ya ce 'yata oksijen talatin da biyu za ki kai ina?

Ya aiki ƙanena ya sayo gyaɗa ƙulli uku a bakin ƙofar asibiti. Ya ɗaga ɗaya ya ce wannan shi ne NO3, azot, wato naitirojin, ɗaya oksijen uku an ƙulle su tare, cajinsu ɗaya ne na ragi, ba a kwance shi. Kalsiyom yana da biyu na ƙari, to ƙulli nawa zai ɗauka a tashi babu bashi? Na ce biyu. Ya ce to ledar ita ce baka biyun nan ( ), ki sa ƙullin a ciki ki rubuta 2 a waje, Ca(NO3)2. In ƙulli ɗaya ne kuwa ba ruwanki da leda, kamar Na2CO3 da ke cikin kanwar da Inna ke sa wa miyar kuka, ita dai wadda ake kawowa daga wajen tafkin Cadi. Wlh shekara biyu ana faɗa min a aji, a gadon asibiti da gyaɗa na gane.

Washegari ya dawo da takardar da ya yanko daga buhun taki, an rubuta sulfate d'ammonium. Ya ce lura, Faransanci yana fara kiran sulfat amma a rubutu amoniyom ke gaba, mai ƙari kullum shi ake fara rubutawa. NH4 ɗaya na ƙari, SO4 biyu na ragi, sai (NH4)2SO4. Daga nan ya sa ni na yi na alminiyom da kaina, uku da biyu, hannuna na rawa na rubuta Al2(SO4)3, ya ce shi ne ake zubawa a ruwa laka ta kwanta. Har sulfat da sulfit da kullum nake cakuɗawa, ya ce mai "it" an rage masa oksijen ɗaya ne kawai, SO3 maimakon SO4, NO2 maimakon NO3. Kwana shida yana rufe shago bayan la'asar, a lokacin da manoma ke rububin taki ana jiran ruwan shuka, ya hau mashin ya zo ya zauna a kan kujerar roba. Ko kuɗin mai bai taɓa bari Baba ya ba shi ba.

Allah ya saka muku da Aljanna Baffa, Allah ya buɗa kasuwa, ya raya muku zuri'a, ya jiƙan mahaifanku, yadda kuka share min hawaye Allah ya share muku naku duniya da lahira. Inna da ta kwana a tabarma a ƙasan gadona, ban da bakin gode miki. Goggona ta Marwa da ta turo kuɗin magani ba a roƙe ta ba, ƙawayena biyu da suka riƙa kwafe min darasi, da nas ɗin dare mai ce min 'yar shimi, Allah ya biya ku.

Waɗanda kuma muke gari ɗaya, Garwa ɗin nan dai, ko gada ba sai sun tsallaka ba amma ba su leƙo ba sai jiya da aka ji labari suka fara kira, na gode da kiran, Inna ta ce in yi shiru to na yi.

Akwai ɗan abin sadaka ranar Juma'a bayan an sauko masallaci a gidanmu, kowa ya zo. Baffa ku kuma sai kun shirya, bak, jarabawar gama sakandare, na nan tafe baɗi kuma har yanzu fosfat na ba ni wahala.