Taron Laraba a tsakar gidanmu

Ranar Asabar 17 ga Janairu 2015 aka ƙona majami'u fiye da 40 a Yamai, washegarin ƙona majami'un da aka yi a Damagaram. Tamu na ciki. Lahadi ta zo babu inda za a je, sai fasto ya raba mu unguwa-unguwa, ya ce kowa ya nemi gidan ɗan'uwa mafi kusa. Ni da maiɗakina muna unguwar Bukoki, tsakar gidanmu da ɗan faɗi, shi ke nan nauyin ya faɗo kanmu. Masu Faransanci na ce wa irin wannan taro selil, mu dai taron gida muke cewa. Daga baya an gyara majami'a, amma taron bai mutu ba, sai muka mai da shi yammacin Laraba.

Da farko na ɗauka ƙaramin fasto na zama. In kwana ina shirya wa'azi, in tsaya a gaban mutum goma sha biyu da ke zaune kan tabarma ina zuba kamar ruwan Agusta, su kuwa suna ta gyangyaɗi. Wata dattijuwa da duk muke kira Inna ce ta tare ni bayan an tashi, tana ɗaura kallabi. Ta ce, "Ɗana, wa'azi mun sha shi ran Lahadi. Nan mun zo ne mu ji juna." Raina ya sosu, ba zan ɓoye ba. Amma Larabar da ta biyo na zauna ƙasa kamar kowa, muka karanta ayoyi kaɗan, na yi tambaya guda na ja bakina na yi shiru. Wani matashi na juya maganar da Zabarmanci saboda waɗanda Hausarsu ba ta nuna ba. A ranar ne wata baiwar Allah da muka shekara uku muna gaisawa a ƙofar majami'a ta faɗa mana cewa mijinta ya tafi Libiya, wata takwas babu labari. A cikin taron mutum ɗari biyu wa zai ji wannan?

Inda muka fi shan kunya shi ne kan riƙon amana. Wani ɗan'uwa ya roƙi a yi masa addu'a saboda bashi ya yi masa katutu. Kafin sati ya zagayo maganar ta kai kasuwar Wadata inda yake da rumfa, wai da sunan "a taya shi addu'a". Wata huɗu bai sake taka gidanmu ba. Sau uku ina zuwa ba shi haƙuri, kuma bai taɓa sakin jiki kamar da ba. Tun daga nan muke buɗe kowane taro da tunasarwa: abin da aka faɗa kan tabarmar nan, nan yake kwana.

Muna da gwangwanin madara da kowa ke jefa dala ɗari in yana da ita. Daga ciki aka biya kuɗin motar kai Inna asibitin Galmi da ƙafarta ta matsa mata.

Da muka haura mutum ashirin, masu kunya suka koma ƴan kallo, mutum huɗu kawai ke magana. Maiɗakina ta ce a raba taron biyu, na ƙi, don ina jin daɗin ganin takalma jibge a ƙofa. Ita ta buɗe mini Littafi Mai Tsarki, Fitowa sura 18, inda Yetro ya shawarci surukinsa Musa ya naɗa shugabanni har na goma-goma. Na rasa ta cewa. Rabinmu suka koma unguwar Lazare, matashin nan mai fassara ke riƙe da su.

Maƙwabcinmu Alhaji ne, katanga ɗaya ta raba mu. Ba ma kaɗa ganga, kuma da an kira Magariba muke dakatar da waƙa har a sallame. Da Layya yakan aiko mana da cinya, mu ma da Kirsimeti mu aika shinkafa da kaji. Wata Laraba da zafin Afrilu aka ɗauke wuta muna tsakiyar karatu, sai ga ƙaramin ɗansa da fitila mai caji, ya ce, "Baba ya ce ku ƙarasa, in kun gama a maido."