Na gama littafin yaron nan mai tsayar da ruwa, zuciyata ta kasu biyu

Kwana huɗu na yi ina karanta shi a waya, a guruf ɗinmu na littattafai a WhatsApp aka turo, sau biyu ina aiken ƙanena shagon mai sola ya sa min caji saboda na kasa ajiyewa. Irin labarin jaruman nan ne masu ƙarfin da ya wuce na ɗan adam, sai dai marubucin ya kawo shi gida. Yaron ɗan masunta ne, ruwa ya tafi da shi, bayan kwana uku ya fito da ransa, tun daga nan ruwa yake jin maganarsa.

Rabin farko wallahi ya taɓa ni. Mu nan gefen Auyo mun san abin da kogin Haɗejia yake yi in ya cika, a 2022 da idona na ga shinkafar Baba ta nutse saura kiris a yanka, rumbunmu ya jiƙe ta ƙasa ya zauna, samarin gari suka kwana suna ɗura yashi a buhu suna jera jinga da fitilar waya a baki, ruwan kuma ko a jikinsa. To da na zo inda yaron ya tsaya a kan jinga ƙafa ba takalmi ya ɗaga hannu ruwa ya ja da baya, kife wayar na yi na yi kuka. Marubucin ya san warin katangar ƙasa in ta sha ruwa, ya san kukan awaki a cikin kwale-kwale, duk wanda ya rubuta wannan ya gani.

Daga nan ne fa aka rabu. Wani attajiri ya ɗauke shi zuwa Abuja, aka ɗinka masa kaya masu kama jiki, aka ba shi mota, ya koma dambe da wasu miyagu masu injina babi bayan babi. Harsashi ba ya kama shi, wuta ba ta cinsa, ko gajiya ba ya yi. Na fara tsallake shafi.

Da daddare nakan karanta wa Inna kakarmu a tsakar gida, ita ce ma ta faɗi abin da yake damuna na kasa kama bakin zarensa. Cewa ta yi, "Ke 'yar nan, shi wannan wace doka aka gindaya masa?" Gaskiyarta. Mu ba baƙin labarin ƙarfi ba ne, mun taso muna jin layar zana da baduhu da sagau, muna ganin 'yan tauri suna goga wuƙa a ciki ranar hawan sallah, kuma duk labarin da za a ba ka sai ka ji akwai sharaɗi, kar ka ci kaza, kar ka yi kaza, ranar da ka karya ranar ƙarfe zai ci ka. Ba wai ina tallan asiri ba ne, Allah ya tsare mana imaninmu, yadda ake gina labari nake nufi. Bayajidda kansa sai da ya biya ta Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa kafin ya tunkari macijin rijiyar Kusugu a Daura. Ko Superman da Amurkawa suka fito da shi a 1938 akwai wani koren dutse da yake karya masa lago. Shi wannan yaron ba shi da lago ko ɗaya, to ta ina gabana zai faɗi saboda shi?

Ƙanena ya ce, "Yaya ke kin cika bin diddigi, faɗan ai shi ne daɗin." Shi da abokansa har sun fara kiran junansu da sunan jarumin a wajen kiwo, kuma na ji daɗi da suke karanta Hausa da kansu ba mai tilasta musu.

An ce kashi na biyu yana tafe kuma zan saya. Na tura wa marubucin saƙo na roƙe shi don Allah ya dawo da yaron bakin kogi, don tun babi na tara ya bar mahaifiyarsa a ajin firamare da tabarma ɗaya da tukunya, har littafin ya ƙare ba wanda ya koma ta kanta.